Tambayata Tana Cikin Littafin da Aka Ƙona

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Islamiyyar ƙauyenmu da ke gefen Kutama, da dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ya iyali, ya damina, ya ƙoƙari da mu? Allah ya saka da alheri.

Baba Alhaji, ba ka san muryata ba, don ko a aji ba a jin ta. Ni ce Rabi, 'yar ajin sauka. Ranar Asabar Malamin ajinmu ya zazzage jakata, ya ga littafin soyayya, ya ƙona shi a gaban 'yan aji, ya soke sunana daga masu saukar Alƙur'ani na bana. Tunda a bainar jama'a aka yi mini, a bainar jama'a zan amsa.

Na farko. Na kawo littafin nan makaranta, na yi laifi, na yarda. Amma a cikinsa akwai wata takarda. Da azumin da ya wuce jini ya ɗauke mini, na yi wanka na ɗauki azumi, bayan kwana biyu ya dawo. Ban san matsayin azumina ba. Malamanmu duk maza ne, Innata kuma da na fara magana ta ce in rufe baki, ba a wannan zancen. Sai na rubuta tambayar na sa a littafin. Wata uku kullum ina cewa yau zan miƙa, in na kai gaban Malam sai in fasa. Da ita aka haɗa aka ƙona.

Na biyu. Na ari wayar yayata da ke aure a Kabo na tambaya a dandalin sada zumunta. Mutum uku suka amsa, amsa uku daban-daban, ɗaya ma hotona ya nema. Baba, wai a nan kuke so mu koyi addini?

Na uku. Shekara tara ina hadda, tajwidina ko Malam bai taɓa kushewa ba. Amma a tsayar da ni a ce fassara aya guda da Hausa, sai in yi tsuru. Littafin da aka ƙona kuwa ina gane kowane layi, har kuka nake yi. Ina so Littafin Allah ya sa ni kuka don na gane, ba don bulala ba. Wannan buri ne ko rashin kunya?

Ga roƙona. A ɗauko mana malama mace, ko sau ɗaya a mako. A riƙa fassara mana abin da muke haddacewa. A koya mana yadda za mu gane malamin gaskiya da na ƙarya a waya, tunda ƙwace waya bai hana kowa riƙe ta ba. Kuma a mayar da sunana. An ce sai na durƙusa na ce duk abin da ke cikin littafin banza ne. Wallahi ba zan faɗa ba, tambayata tana ciki.

Na huda murfin wani gwangwanin madara na ajiye a tagar ajinmu. Na sake rubuta tambayar na jefa, na gaya wa ƙawayena. Jiya da na leƙa, takardu sun cika shi har murfin ba ya rufuwa. In za a ƙona shi, a fara karantawa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi maka jagora, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalam.

'Yarka,
Rabi, ajin sauka.