Jifan Ƙanena a Gefen Hagu

Lahadi, 8 ga Satumba

Jarida ta fito. Ƙanena Cedarius: jifa ashirin da huɗu, an cafe sha ɗaya. Tanner Whitlock, yaron da suka kawo daga Texas: jifa ashirin, an cafe sha biyar. A ƙasa an rubuta, "Wa ya dace ya ja ƙungiyar kwaleji bana?" Sau uku na karanta, don karatuna ba ya sauri.

A ƙwallon Amurka, mai jifa ɗaya ƙungiya take tsayarwa. Babban koci ya ce zai raba musu kowane wasa rabi da rabi har wasa biyar, sannan ya zaɓi ɗaya. Ced yana shekararsa ta ƙarshe. In ya zauna a benci bana, shi ke nan.

Jiya tun farkon wasa aka buge shi. Wani ƙato ya danne shi, har hannun ƙaton ya shige ta tsakanin ƙarafan hular kwanon Ced, ya same shi a fuska. Ya tashi yana dariya, ya ɗaga wa Kaka Odessa hannu. Ni ban yi dariya ba.

Talata, 10 ga Satumba

Na je aski bayan na tashi daga aiki a tafkunan kiwon tarwada. Da na sani na bar sumar.

Baba Alton wanzami yana riƙe da kaina ya ce, "Lavelle, lissafi ba ya ƙarya. Kashi saba'in da biyar da kashi arba'in da shida, ai ko ɗan yaye ya san babba."

Na ce, "Baba, ka ga irin jifan Tanner ɗin? Taku ɗaya yake cilla wa mai gudu, yaron ya sheƙa yadi hamsin da ƙafarsa, a rubuta wa Tanner yadi hamsin. Ai Kaka ma za ta iya, da sandarta."

Shago ya ɗauki dariya. Wani daga benci ya ce, "To a sa Kaka mana, ko ma ci wasa."

Tun Ced yana ɗan shekara bakwai nake cafe masa ƙwallo a bayan tafki. Yatsuna biyu sun karkace saboda shi. Da Mama ta rasu na bar makaranta a aji tara, shi ya ci gaba. Na san hannun yaron nan fiye da yadda na san nawa. Bara kashi sittin da huɗu ya yi, ba wanda ya tuna.

Asabar, 14 ga Satumba

Na sayi ɗan littafi mai bangon ruwan toka. Rubutu yana cin lokacina, don haka zane nake yi. Na zana fili, duk jifa na sa alama a inda ƙwallo ta sauka. Ɗigo in an cafe. Da'ira in ta shiga hannun mai cafa ya yar. Giciye in laifin mai jifa ne. Jarida ba ta raba waɗannan, duk a kan mai jifa take ɗorawa.

Yau da'ira huɗu. Ɗaya a ƙirjin yaron ta bugu, kamar an aiko masa da wasiƙa ya ƙi karɓa.

Asabar, 21 ga Satumba

Mun sha kashi. Da'ira uku.

Litinin, 23 ga Satumba

Rediyo a mota, masu bugo waya. Wani ya ce Ced ya tsufa a hannu. Shekararsa ashirin da biyu. Na kashe.

Asabar, 28 ga Satumba

Da muka dawo na haɗa wasanni ukun nan a teburin kicin.

Ced: jifa sittin da uku, an cafe talatin da uku, an yar da tara. Da sun riƙe taran nan da yana da kashi sittin da bakwai. Tanner: jifa hamsin da takwas, an cafe arba'in da ɗaya, amma ashirin da biyu daga ciki ba su wuce yadi biyar ba. Na ji daɗi ƙwarai. Ga abin da zan kai wa Baba Alton.

Sai na ce bari in kwashe giciyen Ced su ma zuwa shafi ɗaya, don aikin ya cika. Ashirin da ɗaya ne. Huɗu a dama da tsakiya. Sha bakwai a hagu.

Na sake ƙirgawa. Sha bakwai.

Wataƙila mai cafan hagu ne ba ya bin hanya daidai. Wataƙila iska. Na rufe littafin.

Lahadi, 29 ga Satumba

Ced ya zo gida bayan coci. Kaka ta soya tarwada, ga kuɓewa, ga burodin masara. Tana zaune a hagunsa. Ta miƙa masa faranti, ta riƙe, ta riƙe, shi yana ta ba ni labarin atisaye.

Ta ce, "Kai ja'iri, tun da ka shiga jarida ka daina ganin talakawa?"

Ya juyo da kansa gaba ɗaya, ba ido kaɗai ba, ya karɓa yana dariya. "Haba tsohuwa, ai ja miki aji nake yi."

Na ajiye cokalina.

Da la'asar muka taka bakin tafki. Na koma ta hagunsa, na cilla masa makullin mota a hankali, ba tare da na yi magana ba. Yaron da yake cafe ƙuda a iska. Makullin ya bugi kafaɗarsa ya faɗi cikin ciyawa.

Mun daɗe ba wanda ya sunkuya.

Ya ce tun bugun ranar farko. Da fari walƙiya yake gani a gefen idon hagu, yanzu kamar an ja labule, kuma labulen yana ɗan matsowa. Ba ya ciwo. Bai gaya wa kowa ba.

Na ce gobe sai asibiti.

Ya riƙe mini riga. "Yaya, ranar sha biyu ga Oktoba masu neman 'yan wasa na manyan ƙungiyoyi za su zo kallo. Sati biyu kawai. In likitan ƙungiya ya ji, ya cire ni, kuma ka san ba zan dawo ba. Shekara goma sha biyar kana cafe mini ƙwallo don ranar nan. Kai ma taka ce."

Ya ce in rantse da kabarin Mama. Ban rantse ba. Amma na ce to.

Laraba, 2 ga Oktoba

Na zuba wa tafki na huɗu abinci sau biyu, na manta na shida. Maigida ya yi faɗa. Yana da gaskiya.

Asabar, 5 ga Oktoba

Wasa na biyar. Yau ban kalli ƙwallo ba, kan Ced na kalla. Kafin kowane jifa yana ɗan karkata wuya zuwa hagu kamar kaza mai kallon shaho. Ba wanda ya lura, mutum dubu tara a filin.

Ana dab da hutun rabin lokaci wani ya taho masa ta hagu a guje, fili fetal, ba mai tare shi. Duk filin ya gan shi. Kaka ta yi ihu. Ced yana tsaye yana neman wanda zai jefa wa, hankalinsa kwance, har aka ɗauke shi sama aka maka da ƙasa.

Ya tashi. Wannan karon bai ɗaga hannu ba.

Koci ya ce ranar Alhamis zai faɗi wanda ya zaɓa.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na ɗauki hutun rabin yini na tafi kwaleji, tafiyar awa ɗaya da rabi. Wurin Koci Brister na je, dattijon da yake horar da masu jifa. Da'irorin nan na je in nuna masa, don kada a yanke wa Ced hukunci a kan laifin wasu. Abin da ya kai ni ke nan.

Ya karɓe ni da mutunci. Ya ce, "Kai ne yayan da ya koya masa riƙon ƙwallo? Zauna, samari." Ya sa tabarau yana duba zanena, ya ce yaransa masu kwamfuta ba su yi aikin da ya kai wannan tsabta ba.

Sai ya ga shafin giciyen. Shi ya juya shafin, ba ni ba.

Ya daɗe a kai. Ya cire tabarau. Ya ce, "Kafaɗa ce ko ido?"

Bai jira amsata ba. Ya ɗauki waya.

Talata, 8 ga Oktoba

Sun kai Ced wurin likitan ido a birnin Jackson. Fatar da ke can cikin idon ce ta yage, tana ɓallewa a hankali. Jibi za a yi aiki. Likitar ta ce da an ƙara sati biyu, ko bugu ɗaya mai kyau, da idon ya tafi gaba ɗaya. Ced ya tambaye ta yaushe zai koma fili. Ta kalli takardarta kafin ta kalle shi.

A farfajiyar asibiti ya ce mini, "Kai ne." Ba tambaya ba ce.

Na ce da'irori na kai.

Ya ce, "Kada ka ƙara kirana ƙanenka."

Alhamis, 10 ga Oktoba

An yi aikin. Sun zaɓi Tanner. Duk a yini ɗaya.

Asabar, 12 ga Oktoba

Dole Ced ya kwanta rub da ciki kwana goma, fuska a ƙasa, don abin da suka sa a idon ya danne wurin. Mun aro wani gado mai rami a wurin fuska, muka ajiye a falon Kaka. Ƙasa kawai yake kallo.

Ban je wasa ba. Maƙwabci ya ƙure rediyo, muna ji ta bango. Tanner ya jefa talatin da ɗaya, an cafe ashirin da huɗu, sau uku jifansa yana ciyo musu maki. Mai sharhi ya ce baƙin nan masu neman 'yan wasa suna ta rubutu a littattafansu.

Na kawo wa Ced miya da tsinken zuƙa, na durƙusa. Ya ce, "Takalminka kaɗai nake gani, kuma shi ma ya ishe ni."

Na ajiye kwanon na fita. Kaka ce ta ba shi.

Laraba, 16 ga Oktoba

Tanner ya zo, shi kaɗai, da motarsa. Na so in tsane shi, na shirya ma. Dogo ne mai jin kunya, ya cire hula tun daga ƙofa, ya gaida Kaka sau biyu. Da ya ga yadda Ced yake, sai ya kwanta rigingine a ƙasa, ya tura kansa ƙarƙashin gadon don su ga fuskar juna.

Na ji yana cewa, "Dogon jifan nan na gefe, har yau ba ya fita mini. Yaya kake sa ƙafarka ta baya?"

Ced ya ce, "Ai kai jifan 'yan mata ka iya, taku ɗaya." Suka yi dariya. Awa guda yana koya masa.

Ni ko sannu.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Kaka tana gyaran wake ta ce, "Lavelle, kai ka faɗa?"

Na ce koci ne ya juya shafin.

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ci gaba da wakenta. Can ta ce, "Uwarku da ta ga wannan ranar, da ta yi kuka, sannan ta dafa maka abin da ka fi so."

Asabar, 2 ga Nuwamba

Baba Alton ya yi mini aski bai ce uffan a kan ƙwallo ba. Da wani ya fara kawo alƙaluman Tanner, ya ce, "Kai, a nan gashi ake yankewa." Shirun ya fi tsiyar ciwo.

Ced ya tashi daga gadon tuni. Yana zama a baranda da baƙin tabarau. In na shigo ya shiga ɗaki. Kayan wasansa suna cikin jaka a bayan ƙofa, Kaka tana share kewayenta.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Ya koma makaranta yau. Sun bar masa gurbin karatunsa, saura wata shida ya gama. Ba a yarda ya yi tuƙi ba tukuna, kuma Kaka ta ce ƙafarta na ciwo, ba za ta raka mu ba. Ƙafarta lafiya lau.

Mu biyu a mota, gonakin auduga an gama girbe su, fili ko'ina. Na yi ta shirya abin da zan ce, duk wanda na ɗauko sai in ga bai isa ba.

Bayan mun wuce gadar ƙarfe ya ce, "Yaya, taka birki. Barewa."

Na taka. Ta fito daga cikin itatuwa ta tsallake titi, da ɗanta a baya. Ta ɓangarena ta fito, ta hagu. Ni ban gan ta ba. Shi ko kansa bai juya ba.

Muka isa. Ya ɗauki jakarsa, ya rufe ƙofa, ba da ƙarfi ba. Ban sani ba ko zai ɗauki wayata Lahadi mai zuwa. Wataƙila sai bayan shekara. Zan jira, jira ba baƙona ba ne.

Na tsaya a gefen hanya wajen dawowa.

Tun da ba mai karanta wannan sai ni. Koci Brister bai juya shafin komai ba. A buɗe na miƙa masa littafin, yatsana a kan giciyen.