Rabin Tafkin Kifi

Zuwa ga 'yata Pei-shan,

Gaisuwa mai yawa daga garinmu Budai, da fatan kina lafiya, kina kuma cin abinci a zaune, ba a tsaye irin na mutanen birni ba. Mu lafiya lau, in ban da hankalin ubanki.

Kada ki wahalar da kanki kiran wayata, tana ƙasan tafki wajen kifaye. Ina kan kwale-kwale ina zuba musu abinci sai jirgin sama ya gifta, na miƙe zan ɗauki hotonsa in nuna miki abin da za ki bar aikin banki dominsa, ko girman sauro bai kai ba. Sai ga ni tsundum cikin ruwa. Ni na fito, waya ba ta fito ba. Sai ki yi haƙuri da rubutun wanda ya gudu daga makaranta a aji shida.

Tun da kika ce in jinginar da tafkin ki tafi Amurka koyon tuƙin jirgin sama, na kasa zama wuri ɗaya. Na je wajen tsoho Hsieh mai gyaran injin ruwa, tunda surukinsa matuƙi ne. Ya ce albashi kam akwai, amma yaron da hantsi yake cin abincin dare, 'ya'yansa sun fi sabawa da hotonsa, kuma kullum likita na bin zuciyarsa da awo, ranar da ta buga ba daidai ba aiki ya ƙare. Wani abokin surukin ma ya ƙare karatun da kuɗin gidansu, babu kamfanin da ya ɗauke shi. Yana tuƙi dai yanzu, amma motar haya. Da zan tafi ya ce, "Kai da ko babur sai ka faɗi, ina 'yarka ta gado wannan?"

Tafkin nan kakanki ya haƙa shi. In ya tafi, ni da uwarki ba mu iya wata sana'a ba. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Je ki gwajin likitan da ake yi wa masu neman tuƙin tukuna. Ba zan ɓoye miki ba, ina fatan ido ɗaya ya ba ki kunya.

Ubanki,
Chin-tsai

Pei-shan 'yata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, takardarki ta iso. Ashe idanun duka biyu ƙalau suke. Na uwarki kika ɗauko, ita ma ba abin da ke wuce mata.

Na je haikali wajen Kaka Mazu, abar bautarmu mai tsaron masu shiga teku, na jefa itatuwan ƙuri'a. Na tambaye ta ko in hana ki. Suka faɗi a rigingine, wato dariya take. Na sake tambaya ko aikin ya kai wahalarsa, ta sake dariya. Mai sharar haikalin ya ce in tashi haka nan, akwai mutane a bayana.

Don haka har yau ban san amsar ba. Abin da na sani, shekarun nan da kike banki, duk sabuwar shekara kina dawowa da ƙarancin magana. Ranar da kika kawo zancen jirgi kuwa, sai da miyarki ta huce ba ki kula ba.

Jiya na sa hannu a ƙungiyar masunta. Rabin tafkin na jinginar, na gefen yamma, sauran ki cika da ajiyarki. Na daɗe riƙe da biron har ma'aikacin ya tambaya ko sunana na manta. Sharaɗi ɗaya: in abin bai yiwu ba, ki dawo gida, kada kunya ta tsayar da ke a ƙasar mutane.

Sai da na dawo na gane abin da Kaka take wa dariya. Uwarki ta riga ni zuwa haikalin. Ta yi mata alkawarin in kika ci gwajin likitan, mijinta zai bi jerin gwanon haikali a ƙafa da bazara, daga farko har ƙarshe, garuruwa da garuruwa. Ba ta shawarce ni ba. Na yi ƙorafi, ta ce alkawari ya riga ya shiga hayaƙin turare, ba ya dawowa.

Kafin ki tashi, ki aiko min da takalmi mai taushi.

Uwarki na gaishe ki.

Ubanki,
Chin-tsai