Daɓen Falon Gidanmu

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran da suka rage a gabanki. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwata ce dai take nan tana mulkinta, ita ke yanke ranar da zan fita da ranar da zan zauna. Matar yayanki tana gaishe ki, ta ce maganin idon da kika aiko ya yi mata, har ta fara ganin laifuffukana da kyau fiye da da.

Na san labarin abin da ya shiga tsakanina da ɗanki Dogo ya iso miki, kuma na san ya iso da ƙafafu fiye da waɗanda ya tashi da su. Shi ya sa na ce bari in zauna in warware miki da hannuna.

Kin tuna jan daɓen falonmu. Kin tuna yadda Inna take shafa masa man goge daɓe kowace Asabar, ta ɗaure mana tsummoki a ƙafa, mu yi ta sulu daga ƙofa zuwa taga, muna ganin wasa muke yi alhali aiki take sa mu. Ke ce kullum mai faɗuwa, ni ne kullum mai shan faɗa. Bayan rasuwarta matar yayanki ta ɗora daga inda ta tsaya. To, bara yara suka matsa mini wai falon ya tsufa, a sa tayil. Na ce in dai za a yi, ɗan ƙanwata ne zai yi, tunda sana'arsa ce kuma hannunsa na da kyau. Ya zo ya yi aiki kamar madubi, kowa ya shigo sai ya yaba.

Wata biyar aka yi. Ran nan da rana tsaka, zafi ya kai zafi, ina kishingiɗe sai na ji tau! kamar an harba bindiga a ƙarƙashin kujera. Kafin in laluba tabarau, tayil shida sun tashi tsakiyar falo sun haɗa kai kamar rufin ɗaki. Cikin mako guda wasu suka bi sahu. Na kira Dogo, kuma a nan ne bakina ya riga hankalina. Na ce masa ya yi rowar gam, ya yi aikin gaggawa don ya ga na gida ne. Shi kuma ransa ya ɓaci, ya ce ai matar kawunsa ce take malala ruwa in za ta yi goge-goge kamar mai ban ruwan lambu, kuma mun ja kabad a kai tun aikin bai bushe ba. Kin san wadda aka taɓa. Daga ranar yaron da yake cin abincin rana a gidan nan sau uku a mako ya ɗauke ƙafa. Wata biyu sai dai ya ɗago mini hannu daga kan babur, kamar wanda ya ga tsohon maƙwabci. Wallahi Auta, fasasshen tayil bai hana ni barci ba, wannan ɗaga hannun ne ya tsaya mini a rai.

Babbar 'yata ce ta kawo shawara, ta ce tunda kowa ya zama alƙalin kansa, a nemo wanda bai san ni ba, bai san Dogo ba, ya zo ya duba. Aka samo wata injiniya mai duba gine-gine. Kafin ta taka gidan sai da ta sa mu duka biyu muka sa hannu cewa mun yarda da abin da za ta gano, kuma muka raba ladanta biyu don kada a ce ta ci na wani. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba sai da ta gama.

Da ma ina jiran in ga manyan na'urori. Sai ta fito da wata ƙaramar sandar ƙarfe da alli. Ta bi tayil ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa tana kasa kunne, wanda ya yi amon ganga ta zana masa alama. Kafin ta kai taga falon ya koma allon makaranta. Ta auna laima da wata 'yar na'ura, ta ce daɓen a bushe yake ƙayau, ruwan goge-goge bai yi laifin komai ba. Matar yayanki ta yi gyaran murya har sau biyu. Sannan ta ɗaga tayil guda ta juya shi, ga gam nan shafe ko'ina, babu rowa ko kaɗan. Nan kuma ni ne na shiga duban silin. Da ta kankare ƙasan da wuƙa, sai ga jan daɓen Inna yana sheƙi, santsinsa na nan kamar jiya aka goge. Ta ce man shekara da shekaru ya shige cikin simintin, gam ba zai taɓa kama shi ba, kuma ta tambayi dalilin da ya sa ba a sassare tsohon daɓen ba kafin a ɗora sabo.

Dogo ya sunkuyar da kai. Ni na san amsar. Ranar da ya zo da guduma zai fara sara, ni na riƙe hannunsa na ce kada ya kuskura ya taɓa daɓen uwata, ya ɗora a kai haka nan. Ya ce mini akwai matsala, na ce tun ba a haife shi ba nake taka wurin. Na manta da wannan zance sarai, ko kuma in ce na ajiye shi inda ba zan gani ba. Laifi tudu ne. Yaron nan wata biyu yana shan zargi, bai taɓa tona ni ba, har a gaban baƙuwa. Sai na buɗe baki na faɗa da kaina. Injiniyar ba ta bar shi ya tafi fes ba, ta nuna masa bai bar sarari tsakanin tayil da bango ba, shi ya sa da zafi ya buɗa su suka rasa wurin zuwa sai sama. Ta ƙara da cewa mai sana'a in ya san abu ba zai yi ba, ya ajiye kunya a ƙofa, ko da kawunsa ne mai gidan. Duk ta rubuta, ta ba kowa kwafinsa.

Shekaranjiya ya zo ya kwashe tayil ɗin gaba ɗaya, yawancinsu ko ƙwarzane babu. Ya ba matar kawunsa haƙuri, ta ce sai ta yi shawara, tana faɗa tana zuba masa abinci. Na roƙe shi ya bar mini falon kwana biyu yadda yake. Jiya na zauna a ciki ni kaɗai, na ga ramukan nan huɗu da ƙafafun keken ɗinkin Baba suka yi a gefen taga. Na daɗe a zaune. Gobe zai sa guduma, na ba shi izini, kuma ina fatan ke ma za ki yafe, tunda daɓen namu ne mu biyu. Na gwammace a fasa shi da a ce ɗanki ya daina taka shi. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, wai ba zan leƙa falon ba sai ya gama, kuma mabuɗin yana hannun matar yayanki. Kin ga inda girma ya kai ni.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Malama, da Ƙarami mai karatun likita, da 'yan biyun babbar 'yarki. In kin kira Dogo kada ki yi masa faɗa, na riga na shanye rabon kowa. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki har kullum,
Yayanki.