Tokar da na zuba

Litinin, 4 Nuwamba 2024
Sa'ida ta kira daga Doso. Maganar dai ɗaya: “Baba, ka rufe gidan nan ka dawo wajenmu.” Na ce mata ina da aiki. Ta ce wane aiki? Na ce noma. Halin uwarta sak, Allah ya jiƙan Indo.

Irin naman kaza, wato laimar kwaɗin da ake ci, ya iso jiya daga Malanbil, tsallaken kogi, cikin kwalba, ta kwalekwale. Na dafa karan shinkafa a tano, duron ƙarfe, na cusa shi da irin a sashe na leda, na rataye a ɗakin Indo. Ba inda zan je.

Asabar, 16 Nuwamba
Hunhuna kore ta cinye sashe duka. Wari kamar kunun da ya kwana. Karan ya yi tsami, hunhuna kuwa tsami take so. Toka ce maganinsa, amma sai da awo.

Cha'ibu maƙwabcina, tsohon masunci, ya leƙo ta katanga, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malaman makaranta a nan: “Mushe, an ce kana kiwon laimar kwaɗi. Kwaɗin sun ba ka kwangila ne?” Na ci gaba da zubar da karan. Mutumin da ke cin kifin da ya kumbura.

Lahadi, 17 Nuwamba
Takardar awon tsami sai Yamai. Ba na buƙatarta. Tun muna 'yan makaranta a lakwal wani mushe ya nuna mana da ruwan zoɓo: in ka ɗiga a abu mai tsami sai ya yi ja wur, in toka ta yi yawa ya koma kore. Abin da nake nema yana tsakani, ya bar ja, bai kai kore ba. Kaina bai tsufa ba, ƙafafun ne kawai.

Alhamis, 21 Nuwamba
Na ɗiga zoɓo a ruwan sabon kara: ja. Na ƙara toka. Har yanzu ja. Na ƙara.

Juma'a, 22 Nuwamba
Na zame bakin tano, gwiwa ta kumbura, ban je masallaci ba. Sa'ida ba za ta ji wannan ba.

Talata, 3 Disamba
Babu hunhuna, amma irin ma bai kama ba. Karan na nan yadda na cusa shi, sai santsi. Na zauna na zagi mai irin, na zagi rijiya, na zagi itacen da aka ƙona.

Cha'ibu ya shigo aron tsani, ba sallamar kirki. Ya ga kofunan awon zoɓo a jere bakin ƙofa. Na ce tunda ka shigo, dubi jan nan, ka ga taurin kan ruwa. Ya duba kofin, ya dube ni. “Mushe, wane ja? Wannan ai kore ne kamar ruwan tabki.” Na ce ƙarya yake. Ya ɗaga hularsa ya ce wace kala ce. Na ce ya ɗauki tsanin ya fita.

Ban san kalar hular ba.

Juma'a, 6 Disamba
Yanar ido ce gare ni, na sani tun bara. Ba abin da ya shafi kowa.

Sauran iri kaɗan a gindin kwalba. Na aza sabon kara. Cha'ibu ya maido tsani, sai na miƙa masa kofi. “Ja.” Na ƙara toka. “Ya fara duhu.” Na ƙara kaɗan. “Tsaya nan, Mushe, kada ka sake dafa mana sabulu.” Ni na yi awon. Shi ido kawai ya ba da.

Lahadi, 29 Disamba
Sun fito. Na shafa su da yatsa, sanyi, laushi kamar kunnen jariri. Cha'ibu ya ce farare ne tas. Ya ci a miya, ya ce kifi ya fi, ya ƙara.

Ashe shi ya kira Sa'ida ya faɗa mata zancen ido da gwiwa. Munafuki. Na daina yi masa magana har la'asar.

Alhamis, 2 Janairu 2025
Gobe Doso. Likitan ido kawai zan gani, in dawo in riƙa karanta kofunana da kaina. Na faɗa wa Sa'ida haka, ta ce “To, Baba.” Makulli na wajen Cha'ibu, zai riƙa yayyafa ruwa safe da yamma.

Na sa hoton Indo a jaka, da bargo, da rediyo. Ɗakin ya yi danshi da yawa, kada su lalace.