Gurbin da Na Samu da Rubutunki

Zuwa ga ƙawata Rahila,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ki taɓa karanta wannan ba, shi ya sa ma na samu ƙarfin halin rubutawa.

Hayin Banki tana nan yadda kika bar ta. Ruwan sama ya sake cinye hanyar gidanku, masu keke a bakin titi suke sauke mutum. Mamanki ta rame, amma ta koma zumuntar mata a coci.

Kin tuna shirin nan na dogon hutu, da ake ɗaukar ɗaliban jami'a zuwa ƙasar waje, su yi binciken ƙananan halittun da ke rayuwa can ƙasan teku inda rana ba ta kaiwa? Ke da ko kwalekwalen kogin Kaduna ba kya yarda ki shiga, kika cika mana kunne da zancen teku tun muna aji biyu. Ni kuwa kin sani, takardar shaidar kawai nake wa karatu.

Bayan an binne ki, Mamanki ta ba ni kwamfutarki. A ciki na tarar da bayanin da kika rubuta na neman gurbin, kin gama shi tsaf, turawa kawai ya rage. Rahila, na goge sunanki na sa nawa na tura. Na ce wa kaina don kada wahalarki ta tafi a banza ne. Gaskiyar ita ce ina so in ga ko ni ma wani zai zaɓe ni.

Sun zaɓe ni. Sun ce dabarar da na kawo ta tantance halittun nan da kwamfuta ce ta burge su, da ita zan fara. Ni da ko manhajar ban iya buɗewa ba.

Na yi niyyar rubuta musu gaskiya, sai bakina ya riga ni, na gaya wa Mama an ɗauke ni. Kafin Lahadi duk matan cocinku sun ji cewa Zainab za ta ƙarasa aikin Rahila. Tun rasuwarki ban ga ta cinye abincinta ba sai ranar. Da wane baki zan ce mata sata na yi miki?

Jumma'a zan ba su amsa. In na tafi, a can asirina zai tonu. In na ƙi, Mama za ta sake binne ki. Ina zan sa kaina? Tsoro nake ji, da kunya.

Jiya Mama ta kira ni ta miƙo mini farar rigarki ta ɗakin gwaji. Ta kai wa tela ya rage hannuwan, tunda kin fi ni tsawo, amma ta hana shi cire sunanki da ke jikin aljihu. Ta tsaya sai da na sa a gabanta. Ta yi mini daidai, Rahila.

Ki huta lafiya. Ki yafe mini.

Ƙawarki da ta ci amanarki, take kuma kewarki,
Zainab