Ƙashin Dorina a Hanyar Mora

Garwa, 9 ga Maris, 1975

Zuwa ga Yaya Dela,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya a Kumasi, ke da Malam Isa da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan kalau muke. Mai ɗakina Karimatu ta sauka lafiya, mace aka samu, an sa mata Hindu. Kogin Binuwai kuwa ya janye, har mata na tsallakawa da ƙafa.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san tun farin da ya kashe masa shanu bai sake leƙa mahauta ba. Wuni yake a zaure ba magana, ko tuwo sai Inna ta yi da gaske. Cewa yake duniya ce ta zo ƙarshe, zai sayar da gida ya tafi Makka ya jira ajalinsa.

To, Bafaranshen nan da nake tuƙawa, Mushe François (Mushe shi ne Malam a Faransanci) mai binciken ƙasa, ya nemi wanda ya san tsofaffin burtalai da rijiyoyi wajen garin Mora. Na ce ai babu kamar mahaifina. Da ƙyar Baba ya shiga mota, wai don kada in ji kunya wurin aiki.

A can akwai wani dogon tudun yashi da ya miƙe har wajen garin Yagwa. Baba ya ce ya kora shanu a kansa ya fi sau talatin. Mushe ya ce ai tsohuwar gaɓar ruwa ce. Ya yi mana bayani, ina fassarawa, cewa a zamanin da can sanyi ya taɓa rufe ƙasashen arewacin duniya, ruwa ya daskare ya zama duwatsun ƙanƙara, har teku ta ja baya, zurfinta ya ragu fiye da gaba hamsin. A lokacin nan hamada ta sauko har inda muke tsaye. Da ƙanƙarar ta narke, teku ta cika, damina ta dawo da ƙarfi, tafkin Cadi ya kumbura har bakin tudun nan. Kuma ba sau ɗaya aka yi haka ba. Baba ya ce in gaya masa ya ji tsoron Allah, shi ko kwaɗo bai taɓa gani a wurin ba.

Rana ta uku masu haƙan da Mushe ya ɗauka suka fito da ɓawon katantanwar ruwa, da wani ƙaton ƙashi. Mushe yana shirin rubuta cewa na saniya ne, sai Baba ya miƙa hannu. Ya juya shi, ya auna da tafinsa, ya ce shekara arba'in yana fiɗa, babu saniyar da ke da wannan gaɓa, dorina ce. Sannan ya nuna wasu zane-zane a jikin ƙashin, ya ce wannan sawun wuƙa ne, kuma wanda ya yi aikin bai iya ba, ya yi ta sara a inda ba mahaɗa. Yaya, sai ga Baba yana dariya, har da riƙe ciki! Ni kam juya baya na yi, don idona ya cika.

A hanyar dawowa bai yi shiru ba. Ya ce ashe ƙasar nan ta ga ƙishin da ya fi wannan, Allah ya shayar da ita, mutane kuma ba su ƙare ba. Ban ce ya yarda da zancen ƙanƙarar duka ba, har yau yana cewa Nasara akwai ƙarin gishiri. Amma Litinin da ta wuce ya wasa wuƙaƙensa ya fita mahauta, ya dawo wa Inna da hanta. Da dillalin gida ya zo, Baba ya ce masa ya fasa sayarwa. Makka kuma zai je in Allah ya nufa, amma ya dawo.

Ya ce in gaya miki ki kawo masa jikokinsa da babbar Sallah, yana so ya yanka musu rago da hannunsa. Don Allah ki roƙi Malam Isa ya bar ku.

Ki gaishe shi da kyau, da Mairamu, da Wada da ƙannensa. Inna da Gwaggo Fanta da Karimatu suna gaishe ki. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Hamadu