Tayar Gaban Lawali

Daren Asabar, Dakoro

Yau Lawali ya faɗi. Wajen rakiyar ango ya ɗaga tayar gaba kamar kullum, mata na guɗa, yashi ya kwashe tayar baya. Ƙafarshi ta karye.

Mu ƴan kabu-kabu mun je dubiya gidan maɗori, kowa na “Allah shi ƙara sauƙi.” Ni kam bara na tuna. Saboda wasanshi jandarmomi suka kwashe baburanmu duka, kwana uku ba a ɗora tukunya gidana ba, shi kuwa yana ce mini tsohon matsoraci.

Na duƙa kusa da kunnenshi na ce, “Ƙanena, sayar mini da tayar gaban nan. Sabuwa ce, ba ta san ƙasa ba.”

Ya fashe da kuka. Na dawo gida na ci tuwona har da ƙari.